Na Je Neman Yafiya, Aka Ɗauka Makka Za Ni

Shekarun baya, tun kafin yawancinku ku san ni a nan, ni ce matar da idan ta tsayar da keke napep a bakin titin Barnawa a Kaduna, mai keken zai dube ta sama da ƙasa ya ce, “Hajiya, shata ce ko?” Ba rashin kunya yake min ba, gaskiya yake faɗa. Idan na zauna a baya, wurin da ya rage bai wuce na jakata ba. Nakan yi dariya in ce masa, “Shata ce, ja mu je.” Na ƙware wajen yi wa kaina dariya tun kafin wani ya yi min, don na lura idan ka riga mutane sai bakinsu ya mutu.

A danginmu ba a ɗaukar ƙiba ciwo. Idan mace ta yi aure ta murje ta cika, cewa ake mijin nan ya iya riƙo. To ni na ba maigidana shaidar da ta wuce ƙima. A wurin biki gwaggonnina sukan shafa damtsena su ce, “Masha Allah, hutu ya karɓe ki.” Ni kuma in yi ta murmushi, alhali kujerar robar da nake kai ce ke damuna, ina tsoron kada ƙafarta ta banƙare a gaban jama'a.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Makera a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni a gaban mutane, ban kuma taɓa jin ta yabe ni ba. Abu ɗaya ta iya, ciyar da ni. Da na yi sallama, kafin in cire mayafi an turo min kwano. In na cinye ta ƙara, in na rage ta ɓata rai ta ce, “Ko miyar ce ba ta yi ba?” Tuwon shinkafarta da miyar taushe kuwa, Allah ya gani, ba abin da mutum zai iya ragewa ba ne.

Da na doshi shekara arba'in sai jiki ya fara kawo ƙara. Ciwon suga ya fara zuwa, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce su ma sun gaji. Ofishinmu a bene yake, nakan tsaya sau biyu a matakala in yi kamar ina duba waya, alhali numfashi nake nema. Babu abin da ban gwada ba. Na sha shayin rage tumbi kala-kala, na sha ruwan zafi da lemun tsami har haƙorana suka mutu, na yi azumin Litinin da Alhamis da niyya biyu, Allah ya yafe min. Na sayi takalmin gudu ma, yana nan har yau sabo fil. In na rage kaɗan, bayan wata uku sai ya dawo da 'yan rakiya.

Wata rana likitana ya gama duba sakamakon gwaji, ya cire tabarau ya ce, “Hajiya, ƙodarki ta fara nuna alama. Ina so ki ga wani likita a Abuja, ku yi maganar tiyata.” Muka je da maigidana. Likitan can ya zana mana hoto a takarda. Ya ce ta 'yan ƙananan huji za a shiga, a yanke babban ɓangaren tumbin a fitar, a bar ɗan siriri kamar ayaba. Ya maimaita min har sau biyu cewa abin da aka cire ba ya dawowa. Aka yi gwaje-gwaje na watanni, aka sa rana, aka kuma ba ni takarda in je gida in karanta kafin in sa hannu.

Wannan takarda ita ta hana ni sukuni. An jera duk abin da zai iya faruwa: zubar jini, ɗinki ya saki, jini ya daskare a jijiya, shan ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rai. Da Turanci aka rubuta, amma kalmar ƙarshe ba ta buƙatar tafinta. Na karanta ta a ofis, na karanta ta a kicin, na karanta ta a cikin keke. Sannan na yi abin da kowane marar wayo yake yi, na shiga waya ina neman labarin waɗanda aikin ya ɓaci a kansu. Wanda ya nemi irin wannan labari kuwa ba ya rasawa.

Tsoro iri uku ne ya kama ni. Na farko mutuwa, in bar yara uku. Na biyu abin da za a faɗa in na mutu, don na san garinmu. Ba za a ce suga ne ya kai ta ba, cewa za a yi, “Ta je neman kyau, ta je a rage mata ƙiba, ga shi nan.” Yarana su tashi da wannan magana a kunnensu. Na sa maigidana ya tambayi limamin unguwa ko wannan canza halittar Allah ne, liman ya ce in likitoci sun tabbatar magani ne, neman magani ba laifi ba ne. Wannan ya ɗan sanyaya min rai. Na ukun shi ne na fi jin kunyar faɗa, kuma shi ya fi cin raina: in rayu in yi nadama. In zauna gaban kwanon Inna in yi loma uku in ture, ba yau kaɗai ba, har abada. Ina tunanin fuskarta sai in ji hawaye.

Shi ya sa na yanke ba zan gaya mata ba. Na san in ta ce a'a, ba zan iya tsallake maganarta ba. In kuma na yi mata bayani, kamar na ce mata abincinta ne ya cuce ni. Maigidana ya ce, “Wannan ba daidai ba ne, ki sake tunani.” Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya dube ni ya ce, “Naki dai har yau ban ga abin da ya riƙe ba ban da tuwon.” Na jefe shi da filo.

Amma zuciya ba ta bar ni ba. Na ce in mutuwa ce, kada ta same ni da haƙƙin mutane a wuya. Ana saura mako biyu na ɗauki mayafi na fara zagayen neman yafiya. Na fara da gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Kakuri. Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na ce, “Gwaggo, zan yi 'yar tafiya ne nan da mako biyu. Shi ne na ce bari in zo ki yafe min duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba.”

Gwaggo ta ajiye carbi, ta ƙura min ido, sai kawai ta rangaɗa guɗa.

“Ayyururui! Allah ya kira ki! Ja'irar yarinya, shi ne kike ɓoyewa? Ai kin yi daidai, abin alheri ba a tallarsa saboda baki. Na yafe miki, na yafe miki, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce!”

Sai a lokacin na tuna watan da muke ciki. Zulƙida ne, maniyyata na ta tashi, kowace unguwa akwai mai bi gida-gida yana neman gafara kafin ya hau jirgi. A irin wannan wata mutum biyu ne ke yawon neman yafiya, mai tafiya Makka da mai ciwon ajali. Ni kuwa a idon Gwaggo lafiya ce take zuba a jikina har tana neman yin yawa. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce, “Gwaggo, a dai sa ni a addu'a.”

Kafin in iso Barnawa labari ya riga ni. Na ci gaba da zagayena, gidan maƙwabta, abokan aiki, har mai kayan miyar da na taɓa yi wa tsawa a kan tumatir, ko'ina na je sai in tarar an san zancen. Kwana biyu sai guzuri ya fara shigowa. Dambun nama a gwangwanin madara, kilishi, yajin daddawa, garin kunu, man shanu a kwalba. Kowa ya kawo kuma da saƙonsa. Wannan a roƙa mata haihuwa, wannan ɗanta ya samu aiki, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita dai cikawa da imani. Ga shi likita ya ɗora ni a kan ruwa-ruwa na mako biyu kafin aiki, daga romo marar mai sai madara marar suga. Ina zaune da kofi a hannu, gida ya cika da ƙamshin dambu, yara suna ɗiba suna cewa Allah ya ƙara kai Mama Makka. Su an gaya musu asibiti za ni, an kuma ja musu kunne.

Maigidana yana tauna kilishi ya ce, “Kin san dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wace Ka'abar za ki kai saƙonnin nan?” Na yi dariya, amma maganar ta zauna min a ƙirji. Mutane sun miƙo min buƙatunsu na gaske, ni kuma na karɓa da hannu biyu a kan ƙarya.

Ina da wata ƙawa tun muna sakandare, 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, nas ce, tana zaune a unguwar Television. Ita kaɗai ta san gaskiya bayan maigidana da yara. Ta zo wata yamma bayan ta tashi aiki, ta ga gwangwanaye jere a kan tebur, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

“Hajiya Makka! Abeg, ni ma a sayo min dabino.”

Na so in taya ta dariyar, sai kuka ya ƙwace min. Ta matso ta zauna kusa da ni, ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, “Oya, gaya min. Wanne ne ya fi ba ki tsoro?” Na ɗauko takardar na miƙa mata. Ta bi ta layi-layi da ni, tana gaya min wanne ake gani, me ake yi in ya faru, wace alama ce in na ji zan kira likita ba sai gari ya waye ba. Ta sa na rubuta tambayoyina, muka kira likitan a gabanta ya amsa su ɗaya bayan ɗaya.

“Ba zan ce miki babu abin da zai faru ba,” in ji ta. “Ni nas ce, na ga abubuwa. Amma a ɗakin da nake aiki na ga ƙafafun da suga ya ci, na ga masu zuwa wankin ƙoda. Zama haka ma yana da tasa takardar, kawai dai ba wanda ya miƙo miki ki sa hannu.”

Na ninke takardar. Ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa ta juyo.

“Amma fa you no well, kanki ba daidai yake ba. Kin je kin nemi yafiyar mai tumatir, kin tsallake matar da ta haife ki.”

Na san gaskiya ta faɗa. Kullum sai in ce gobe zan je Makera, goben ta zo in ƙirƙiro uzuri. Ashe ita Inna ba za ta jira ni ba.

Ranar Asabar da hantsi, ana saura kwana biyar, na ji sallamarta a tsakar gida. Inna ba ta zuwa gidana sai in haihuwa na yi, saboda kunyar suruki. Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗauki makullin mota ya sulale, ya bar ni da ita. Ta ƙi zama a kujera kamar yadda ta saba, ta zauna a kan kafet. Ni ma na dafa hannun kujera na sauko ƙasa da ƙyar. Ta kwance ɗaurin da ta zo da shi, kwanon samira ne cike da dambun naman da ta yi da hannunta.

Ba ta dube ni ba. Bango take kallo ta ce, “Na ji a gari an ce ana tafiya.”

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“Ba komai, na san hidima ce ta yi yawa. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Saƙona ɗaya ne. In an je, a yi wa Malam addu'a a gaban ɗakin Allah. Ya so zuwa, Allah bai nufa ba.”

Malam shi ne mahaifina. Jama'a, na karɓi saƙon kowa na haɗiye, amma wannan ya ƙi wucewa. Na ce, “Inna, ba Makka za ni ba.” Na gaya mata komai, ina yi ina kuka kamar yarinyar da ta fasa tulu. Suga, hawan jini, ƙoda, matakalar ofis, hoton da likita ya zana, har kalmar ƙarshe ta jikin takardar ban ɓoye ba.

Ta dubi kwanon dambun. Can ta ce, “Yanka cikin za a yi?”

“E, Inna. Rage shi za a yi.”

“Likitan ya ce abinci ne ya jawo?”

“Ba abinci kaɗai ba ne, Inna, akwai yanayin jiki, akwai gado, akwai...”

Ta ɗaga min hannu na yi shiru. Na jira faɗa, na jira ta ce ba da yawunta ba. Sai na ga ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

Na san ni bakwaini ce. A gidanmu abin tsokana ne, ƙannena sukan ce bakwainin da ta fi 'yan wata tara. Amma ban taɓa jin labarin daga bakinta ba sai ranar. Ta ce lokacin Malam yana aiki a masaƙa, suna haya a ɗaki ɗaya. Aka haife ni ban kai tafin hannu biyu ba, aka naɗe ni a auduga. Ba na iya kama nono. Mata suna zuwa barka, su leƙa, su fita ba su ce komai ba. Ta ji da kunnenta wata tana gaya wa Malam kada ya yi saurin sayen rago.

“Ni kuma yarinya ce, ga kunyar ɗan fari. In na ɗauke ki a gaban mutane a ce ba ni da ta ido. Sai in jira a fita, in tura ƙofa, in tatsa a ɗan kofi, in riƙa ɗiga miki da ƙaramin cokali. Ɗigo ɗaya, in jira ki haɗiye, in ƙara ɗaya. Haka na yi har kika yi kwana arba'in. Tun daga lokacin, duk lomar da na ga kin haɗiye sai in ji kin ƙara nisa da kabari. Da kika fara ƙiba na yi sadaka.”

Ta goge ido da gefen mayafi.

“Ban san lokacin da ya kamata in daina ba. Ki yafe min.”

Ni da na yi kwana tara ina yawon neman yafiya gida-gida, ban taɓa kawowa a raina cewa ni za a nema a wurina ba, balle daga bakin Inna. Na kama ƙafarta ina cewa, “Inna, ba ki yi min komai ba sai alheri, ni ce zan nemi gafararki, na ɓoye miki, na bari kika ji a gari.” Ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta ɗora hannu a kaina, ta bar shi a nan.

“Je ki a yi. Tsoro ba ya hana abin da Allah ya rubuta, ba ya kuma kawo wanda bai rubuta ba. Ni dai tun ranar da aka haife ki abu ɗaya nake roƙo: ke za ki yi min wanka, ba ni zan yi miki ba. In wannan aikin ne hanyar, a yi shi. Kuma da ni za a je.”

Ta mayar da murfin kwanon ta rufe, ta ture shi gefe ta ce a ba yara. A iya sanina wannan ne karo na farko da Inna ta kawo abinci ba ta ce in ci ba.

Ita da kanta ta je ta warware zancen a wurin Gwaggo. Ta ce mata ba Makka ba ce, asibiti ce, a mayar da addu'ar can. Gwaggo ta zo har gida ta wanke ni tas, ta kira ni maƙaryaciya, ta ce dambunta dai ba ta yafe ba sai na dawo da ƙafata na biya ta da ziyara. Ta gama faɗan ta rungume ni tana kuka. Waɗanda suka ba ni saƙon addu'a kuwa, na bi su ɗaya-ɗaya na ba su haƙuri, babu wanda ya riƙe ni. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta ce, “To yanzu aiki ya dawo kanmu ke nan.” Na ji an ɗauke min wani dutse daga ƙirji, ko da yake tsoron yana nan.

Kada in yi muku ƙarya, bai tafi ba. Ranar da muka kama hanyar Abuja da safe, muna wuce Kakau, ina kallon manoma a cikin masara tana kore shar, na ji kamar in ce wa maigidana ya juya. Har na buɗe baki. Sai na ji hannun Inna daga kujerar baya a kan kafaɗata, ɗayan hannun yana jan carbi. Na rufe bakina. Da aka zo tura ni ɗakin tiyata ina maimaita kalmar shahada, abin da na gani na ƙarshe shi ne ita a tsaye a bakin ƙofa, 'yar ƙarama a cikin farin hijabi.

Na farka da ciwo da ƙishirwar da ban taɓa jin irinta ba. Washegari aka ce an yarda in fara shan ruwa, amma da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, a jira ya sauka kafin a ƙara. Nas ta zo da kofi tana yi wa Inna bayani da Hausarta ta 'yan koyo. Inna ta miƙa hannu ta ce, “Kawo nan, 'yata. Na taɓa yin wannan aikin.” Ta ja kujera ta zauna. Ɗigo ɗaya, ta jira in haɗiye, ta ƙara ɗaya. Ni da shekara arba'in da 'ya'ya uku, ina kwance ina buɗe baki, hawaye na gangara cikin kunnena.

Nadamar da na ji tsoro ita ma ta zo, ba zan ɓoye ba. Babbar Sallah ta same ni ban yi wata da aiki ba. Unguwa ta ɗauki ƙamshin suya, ni ina zaune da romon da aka tace a kofi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ce, “Wayyo ni, me na yi wa kaina?” Na yi amai ranakun da na yi gaggawar ci. Gashina ya zube har na daina zuwa kitso na wani lokaci. Da na fara ramewa, waɗanda suke cewa hutu ya karɓe ni suka koma tambayar ko lafiya. Amma wata shida ba ta cika ba likita ya rage min magungunan suga, daga baya ya tsayar da wasu. Wata safiya na tsinci kaina a ƙofar ofis ban tsaya duba waya a matakala ba. Nadamar ta riƙa raguwa har na neme ta na rasa.

Inna ta sayi wani ɗan kwano na yara ta ajiye min a Makera. In na je ta zuba min loma huɗu ko biyar, ta zauna tana kallo. Ina ganin leɓenta yana motsi, kalmar “ƙara” tana son fitowa, sai ta miƙe ta ce bari ta duba wanki. Na san abin da wannan miƙewar take ci mata, kuma ban taɓa ganin so irin wannan ba.

Ba na rubuta wannan don in ce kowa ya je a yi masa aiki ba, wannan tsakaninka ne da likitanka, kuma ba wasa ba ne. Abin da na gane kawai shi ne, tsoron da na ɓoye ya fi wanda na faɗa nauyi nesa ba kusa ba. Na zagaye rabin Kaduna ina gudun mutum ɗaya, ina zaton ita ce za ta tare min hanya, ashe ita ma tata damuwar take ɗauke da ita shekara arba'in ba ta da wanda za ta gaya wa. Da Gwaggo ba ta rangaɗa guɗar nan ba, wataƙila da na shiga ɗakin tiyata ban ji labarin cokalin ba, ita kuma ba ta samu ta sauke nata ba.

Bara waccan Inna ta kwanta ciwo wata uku. Ni na yi jinyarta, ni nake ɗaga ta in zaunar, in juya ta, in kai ta bayi in dawo da ita, abin da tsohon jikina ba zai taɓa iyawa ba. Ta rasu ranar wata Laraba da safe, kanta a kan cinyata. Da aka ɗora ruwa, mata suka fara shawarar wa zai shiga tare da tsohuwar da ke yi wa matan unguwa sutura. Gwaggo ta ce a bar ni, ba zan iya jurewa ba. Na ce mata, “Gwaggo, akwai alkawari.” Na ɗaura zani na shiga.

Ni na yi mata wanka. Ina zuba ruwan a hankali, ina ce mata a zuciyata, Inna, ga shi Allah ya karɓa.